Mai I'ina da Agogon Kanta

Idan ana lissafin ayyukan da aka ce kowa ma zai iya, tsayuwa a bayan kanta a gidan abincin gaggawa na Amurka tana sahun gaba. Ba a tambayar takardar makaranta, ba a tambayar gogewa, cikin 'yan kwanaki ake koya wa yaro ya kama aiki, shi ya sa miliyoyin matasan ƙasar a nan suka fara cin guminsu. Sai dai cikin manyan mutane ɗari kusan ɗaya yana da i'ina, maza kuma sun ninka mata wajen sau huɗu. Ga wannan ɗayan, aikin da ake raina wa wahala yakan zama fama na wuni guda: ya gaishe da mai saye, ya maimaita masa abin da ya nema, ya faɗi kuɗi, ya yi godiya, ya sake daga farko da na bayansa, agogo kuwa na ƙirga masa daƙiƙa. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne matsalar a bakinsa take, don haka ko ya nemi magani ko ya nemi wata sana'a. Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan hukunci ba. I'ina tsohuwa ce, ta girmi kowane gidan abinci a duniya, amma kantar da ke mayar da ita cikas a wurin aiki sabuwa ce. Mutane ne suka tsara ta, a shekarun da aka sani, saboda dalilan ciniki da aka sani.

Abincin gaggawa na zamani da shiru ya fara. A 1902 Joseph Horn da Frank Hardart suka buɗe wani gidan abinci a Philadelphia da na'urorin da suka sayo daga Jamus, wanda aka sani da Automat, a 1912 kuma suka kai shi New York. Bango ne guda cike da ƙananan tagogin gilashi, kowace da faranti a ciki: yankin kek, ko dafaffen wake, ko burodi da nama. Mai saye ya jefa kwabbai a rami, ya murɗa, taga ta buɗe, ya ɗauki abinsa ya nemi wurin zama. Ma'aikata suna bayan bango suna cike gurbin abin da aka ɗauka, ba a ganin fuskarsu balle a ji muryarsu. Baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka ba su iya Turanci ba sun ji daɗin wurin, don ba sai ka buɗe baki ba kafin ka ci. A lokacin da kamfanin ke tashe yana ciyar da dubban ɗaruruwan mutane kowace rana, reshensa na ƙarshe a New York ma sai a 1991 aka rufe shi. Wato sauri da yawan magana ba tagwaye ba ne. An daɗe ana samun na farko ba tare da na biyu ba.

Ko gidajen hambaga na farko ba su dogara da baki ba. White Castle, wanda Billy Ingram da Walt Anderson suka kafa a Wichita ta jihar Kansas a 1921, hambaga yake sayarwa a kan santi 5, tambayar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa kuwa ba ta wuce guda nawa ba. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da Maurice McDonald, sun tafi nesa da haka. Suna da gidan abinci a San Bernardino ta Kalifoniya tun 1940, inda 'yan mata ke zagaya motoci suna karɓar oda suna hira da samari. A 1948 suka rufe shi na wata uku, suka sallami 'yan matan su 20, suka rage jerin abincin daga kala 25 zuwa 9, suka sa hambaga santi 15, kuma kowace da haɗi iri ɗaya, ba ragi ba ƙari. An ruwaito cewa da alli suka zana kicin ɗin a filin wasan tanis na gidansu, suka sa ma'aikata suna kwaikwayon aikin har aka gano inda kowa zai tsaya ba tare da ya yi karo da wani ba. Abin da suka kora da gangan shi ne hira, domin hira ce ke tsayar da mota ɗaya tsawon sa'a. Mutumin da ke tagarsu kalmomi kaɗan yake buƙata a wuni, kuma da wuya mai i'ina ya sha a nan irin wuyar da jikokinsa suka sha daga baya.

Maganar ta dawo ne ta wata ƙofa, kuma ta dawo a ɗaure. Ray Kroc, mai tallan injin kaɗa madara, ya ga wurin a 1954, ya buɗe nasa reshen a Des Plaines ta jihar Illinois a 1955, ya sayi kamfanin gaba ɗaya a 1961 kan dala miliyan 2.7. Damuwarsa ita ce yadda reshe na dubu zai yi kama da na farko. Ma'aikacinsa Fred Turner ya rubuta littafin aiki mai shafi 75 a 1958, a 1961 kuma aka buɗe makarantar horar da manajoji da suka kira Hamburger University. Littafin ya fara da kaurin dankali da zafin mai, amma bai tsaya nan ba. Wata masaniyar zamantakewa, Robin Leidner, ta yi aiki a kantar McDonald's ta kuma halarci makarantar, ta fitar da littafinta Fast Food, Fast Talk a 1993. A ciki ta nuna matakai shida da aka wajabta wa mai tsayuwa a kanta: gaisuwa, karɓar oda, haɗa kaya, miƙawa, karɓar kuɗi, sai godiya da gayyatar a sake dawowa. Aka ƙara masa da tayin abin da ba a nema ba, ya tambayi mai saye ko za a haɗa masa da soyayyen dankali, ko za a ba shi babban kofi, domin riba mai kauri a waɗannan take. Frederick Taylor, wanda ya fitar da littafinsa kan tafiyar da masana'anta a 1911, hannun lebura da shebur ya auna da agogo. Magadansa na gidan abinci suka miƙa ma'aunin har zuwa harshe. Daga nan magana ta daina zama abin da ma'aikaci ke zaɓa, ta zama sashe na kayan da ake sarrafawa, mai tsari, mai tsawo, mai lokacin farawa da na ƙarewa.

Sai lasifika ta shigo. Harry Snyder na In-N-Out ya ƙera akwatin magana tsakanin mota da kicin a Baldwin Park a 1948, Jack in the Box ya gina kasuwancinsa a kan irinsa a San Diego daga 1951. McDonald's ya yi jinkiri har 1975, inda ya buɗe tagar masu mota ta farko a Sierra Vista ta jihar Arizona, kusa da barikin Fort Huachuca, saboda an hana sojoji sauka daga mota da kakin aiki a cikin gari. Abin da aka fara don sojoji ya zo ya haɗiye kasuwar, har ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na cinikin manyan kamfanonin a Amurka ta wannan taga yake bi. A duba yadda wurin yake a yau. An binne waya a ƙarƙashin kwalta wadda ke jin isowar mota, nan take ƙara ta buga a kunnen ma'aikaci ta cikin abin da ya maƙala a kai, agogo ya fara gudu a allon da ke saman taga. Lambobin suna fara da kore, in an wuce ƙa'ida su koma ja, kuma manaja na gani, mai reshe na gani, wani lokaci ma ana jera sakamakon reshen da na maƙwabtansa kamar teburin gasar ƙwallo. Abokan aiki da ke sanye da irin na'urar suna jin duk abin da ya faɗa. Mai motar kuwa ba ya ganinsa, ƙarfe yake kallo. Idan shiru ya yi daƙiƙa uku, abin da zai zo masa shi ne na'urar ta lalace, sai ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai mutum a wurin.

Da wani zai zauna ya tsara wurin da zai fi tayar da i'ina, da wuya ya wuce wannan. I'ina iri-iri ce: akwai maimaita harafi, akwai jan sauti, akwai kuma toshewa, inda baki ke buɗe, iska ta tsaya, kalmar ta ƙi fita ko kaɗan. Ba kullum take daidai ba. Mutumin da ke sarƙewa a gaban baƙo yakan yi waƙa tas, yakan yi karatu tare da jama'a ba tangarɗa, yakan yi magana da jariri ko shi kaɗai a ɗaki lafiya lau. Abubuwan da ke tsananta ta sanannu ne ga masu ita da masu nazarinta: matsin lokaci, magana da wanda ba ya ganinka kamar a waya, kasancewar masu saurare a gefe, da kalmar da ba ta da madadi. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ciwo. Mai i'ina tun yana yaro yake ƙwarewa wajen hango kalmar da za ta ba shi wuya ya kauce mata da wata mai ma'ana ɗaya, shi ya sa da yawa sunansu na yanka ne ke fi ba su tsoro, don ba a canza shi. Kanta kuwa cike take da irin waɗannan: sunan abinci da kamfani ya yi wa rajista, farashi, lambar oda, gaisuwar da aka rubuta a hedikwata. Fuska da fuska, mai saye zai ga leɓe na motsi ya gane ana kan hanya, kuma ana iya nuna masa allo ko a gyaɗa kai. Lasifika ta ɗauke duk wannan ta bar muryar ita kaɗai.

Tarihin neman maganin i'ina shi ma da harshe ya fara, ya daɗe a can. Ana ba da labarin Demosthenes, mai huɗubar Atina, yana cika bakinsa da tsakuwa yana gwada magana. Alƙur'ani ya kawo roƙon Annabi Musa (AS) na a warware masa ƙullin harshensa, da neman a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar zance, kuma abin lura shi ne nauyin harshen bai sa an sauke masa aikin zuwa gaban Fir'auna ba. Likitocin Turai na ƙarni na 19 sun ɗauki maganar harshe a zahirinta. A farkon 1841 wani shahararren likitan tiyata na Berlin, Johann Friedrich Dieffenbach, ya fara yanke tsoka daga gindin harshen masu i'ina, shekara biyar kafin a fara amfani da maganin sa barci a tiyata. Likitoci a Faransa da Ingila suka ɗauka, aka yanka ɗaruruwa, wasu suka mutu, waɗanda suka rayu kuma i'inarsu ta dawo da raunin ya warke. Kafin shekarar ta ƙare an yi watsi da abin. Ba mugunta ce ta kai su ga haka ba, tunani ne mai sauƙi: inda aka ji sautin ya karye, nan laifin yake.

A nan ne mai suka zai ce, to ai ɗora laifi a kan mai saurare ko a kan wurin aiki shi ma an gwada, kuma ya ƙare da abin kunya. Gaskiyarsa. Wendell Johnson na Jami'ar Iowa, wanda shi kansa mai i'ina ne, ya yi imani cewa i'ina a kunnen iyaye take farawa, wato idan aka dinga gyara wa yaro tuntuɓen harshen da kowane yaro ke yi, tsoro ne zai mayar da shi mai i'ina. A 1939 ɗalibarsa Mary Tudor ta gwada hakan a kan yara 22 a gidan marayu na Davenport, aka riƙa gaya wa wasu masu magana lafiya cewa suna da matsala. Yaran ba su zama masu i'ina ba, sun dai zama masu tsoron buɗe baki. Labarin ya fito fili a 2001, jami'ar ta nemi afuwa, a 2007 jihar Iowa ta biya diyyar dala 925,000. Bincike na baya ya juya wa ra'ayin Johnson baya. Kusan kashi 5 cikin 100 na yara suna yin i'ina na ɗan lokaci, kimanin kashi uku cikin huɗu nasu tana barinsu da kanta. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna bambanci a hanyoyin da ke sarrafa motsin magana, a 2010 kuma Dennis Drayna da abokan aikinsa suka gano wasu ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita ta hanyar nazarin iyalai a Pakistan, suka kuma yi irin wannan aiki a kan wani babban gida a Kamaru. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce kanta ce ke haifar da i'ina. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi wuyar musantawa: asalin i'ina a jiki yake, amma yawanta a wannan sa'a, da abin da take jawo wa mai ita, yanayi ne ke yanke su. Toshewar daƙiƙa uku a gaban aboki ba komai ba ce. Ita ɗin ce a ƙarƙashin allon da ya koma ja take zama laifin da za a kira mutum ofis a kansa.

Masanan da suka fi amfanar masu i'ina a ƙarni na 20 a kan wannan tsaka-tsakin suka tsaya. Charles Van Riper na Jami'ar Western Michigan, shi ma mai i'ina, ya daina yi wa mutane alkawarin warkewa, ya koya musu su yi i'inar cikin sauƙi: idan kalma ta maƙale kada a tura ta da ƙarfi, a sassauta leɓe, a ja sautin a hankali har ya fita, ko a ɗan dakata a sake ta. Joseph Sheehan na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya nuna cewa abin da kunne ke ji ƙaramin sashe ne, babban nauyin yana ɓoye a kunya da fargaba da guje-guje, kuma duk gudun da aka yi wa wata kalma ƙara mata kwarjini yake yi. Daga nan ƙungiyoyin masu i'ina suka taso da kansu, National Stuttering Project a Kalifoniya a 1977, takwararta ta Birtaniya a 1978, tun 1998 kuma ake ware ranar 22 ga Oktoba don wayar da kai. Shawararsu ga ma'aikaci ba ta da ado: faɗa wa manaja tun ranar farko, faɗa wa abokan aiki kada su ƙarasa maka kalma, in ta kama ka gaya wa mai saye kana da i'ina ya ɗan jira. Wasu har kati ko baji suke maƙalawa. Yanzu a haɗa tarihin biyu a gani. Kowace dabara cikin waɗannan, sassautawa, dakatawa, bayani, daƙiƙa ɗaya ko biyu take ci. Ilimin magana ya shafe ƙarni guda kafin ya gane cewa abin da mai i'ina ke buƙata lokaci ne kaɗan, a daidai shekarun da sana'ar abincin gaggawa ke koyon ƙwace wannan lokacin.

Suka mafi nauyi ta 'yan kasuwa ce: sauri shi ne hajar, wanda ya shiga layin mota ba hira ya zo yi ba, kuma daƙiƙa biyu sau mota ɗari kuɗi ne. Ba a raina wannan. Amma sai a tambaya, me ke cin lokaci a layin? Jerin abincin da 'yan'uwa McDonald suka rage zuwa 9 ya haura kala 100 a shekarun 2010. Burger King tun tsakiyar shekarun 1970 ya mayar da zaɓin mai saye abin talla, a cire wannan a ƙara wancan, sauran kuma suka bi. Kowane zaɓi tambaya ce, kowace tambaya lokaci ce, kuma kamfanoni ne suka ƙara su don sun ga riba. Da annobar korona ta sa McDonald's ya rage kaloli a 2020, jiran mota ya ragu, kamfanin da kansa ya faɗa. Mai saye da ke lalube aljihu, ko yana tambayar yaran da ke bayan mota abin da suke so, ko dankalin da bai soyu ba, kowanne ya fi toshewar harshe cin lokaci. Odar da aka karɓa a gurguje aka yi kuskure kuwa mintuna take ci, ga asarar abinci, sauri ya haifi nawa ke nan. Ma'aikata ma sun san agogon ba gaskiya yake aunawa ba, shi ya sa dabarar cewa mai mota ya ɗan matsa gaba ya jira ta zama ruwan dare: motar ta bar kan wayar, allo ya koma kore, mutumin kuwa yana nan bai samu abincinsa ba. Ma'aunin da ake yi wa irin wannan wayo kullum bai kai a yanke wa mutum hukuncin cancanta da shi ba.

Akwai kuma masu cewa haddar kalmomin ma taimako ce. Suna da hujja. Tun 1937 Johnson da John Knott suka nuna cewa idan mai i'ina ya karanta rubutu ɗaya sau da yawa a jere, sarƙewar tana raguwa, kusan da rabi zuwa karo na biyar, kuma ba a rasa ma'aikatan da suka ce maimaita gaisuwa ɗaya sau ɗaruruwa ya sa ta zame musu kamar numfashi. Sai dai binciken wancan zamani ya nuna wani abu na biyu: i'ina tana yawan komawa kan kalmomin da ta saba kamawa, sauƙin da maimaici ya kawo kuma yakan gushe bayan hutu. Idan gaisuwar dole ta fara da harafin da ke kama mutum, hadda ta zama tarkon da zai taka a kowace mota. Gyaran ba shi da tsada ko kwabo, a bar shi ya yi maraba da kalmomin da suka fi zauna masa a baki.

Mafitar da manajoji suka fi so ita ce a mai da shi kicin, ya juya nama ya soya dankali. Idan shi ya zaɓa, babu laifi, kuma akwai ranakun da kowane mai i'ina zai so a bar shi da kasko. Matsalar tana inda aka yanke masa ba a tambaye shi ba. Hanyar zama shugaban ma'aikata ko manaja ta kanta take bi, wanda aka ɓoye a baya an rufe masa ita tun bai fara ba. Wani bincike da Hurst da Cooper suka yi a 1983 a kan masu ɗaukar ma'aikata fiye da 600 a Amurka ya samu kashi 85 cikin 100 suna ganin i'ina na rage damar samun aiki. Wannan ra'ayi ne na masu ɗauka, ba awon aikin da masu i'ina suka yi ba, amma shi ne ke raba wa mutane gurbi. A ma'aunin Sheehan kuma, ɓoyewar guduwa ce da aka yi wa mutum a madadinsa, tana ƙara masa tsoron da ake cewa ana kare shi daga gare shi. Doka ta ɗan motsa. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta wa mai aiki yin sassauci mai ma'ana, gyaran da aka yi mata a 2008 ya ambaci magana cikin muhimman ayyukan rayuwa, Birtaniya ma tana da tata ta 2010. Amma ɗan shekara 17 da ake biya a kan sa'a ba kotu zai je ba. Abin da ke faruwa da shi yana hannun manajan da ke rubuta jadawalin mako.

Wannan tsari ya iso mu, don haka maganar ba ta nesa ba ce. Mr Bigg's ya fara a Legas a 1986, Chicken Republic a 2004, KFC ya shigo a 2009, yau kuma irin waɗannan kantuna suna Abuja da Kaduna da Kano, da rigar aikinsu da gaisuwarsu ta hadda, sau da yawa ma da Turanci, wanda ga yaron da ya tashi da Hausa wani nauyi ne a kan nauyi. Abincin sauri kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai shayi da mai ƙosai da mai tsire suna sallamar layi cikin hanzari, kuma mai i'ina a cikinsu yana riƙe da teburinsa shekara da shekaru, domin masu sayensa sun san shi, sun ga hannunsa na aiki yayin da kalmar ke kan hanya, ba kuma wanda ke riƙe masa agogo. Kada dai a ɗauka mu masu tausayi ne na musamman. Kwaikwayon mai i'ina don a yi dariya yana nan a makaranta da dandali da wasan barkwanci, haka ma zancen wai masu i'ina saurin fushi gare su, alhali duk wanda ake katse wa magana sau goma a wuni dole ransa ya ɓaci. Najeriya ta samu dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, sai dai mutane kaɗan ne ke tuna mai i'ina idan ana zancenta.

Yanzu sana'ar tana komawa wajen shirun da ta fito. Tun tsakiyar shekarun 2010 allunan taɓawa suka cika rassa, ga oda ta wayar hannu, mai kanta ya fara zama mai miƙa leda ya kira lamba. Ga wasu masu i'ina sauƙi ne, ko da yake sauƙin da ya zo ta hanyar rage ma'aikata yana da nasa ɗaci. A tagar mota kuwa ana ƙoƙarin maye gurbin mutum da na'ura mai jin magana. McDonald's ya gwada irinta tare da IBM daga 2021 a rassa fiye da 100, ya dakatar a 2024 bayan kurakuranta sun zama abin dariya a intanet, wasu kamfanonin kuma suna ci gaba da nasu. A nan matsalar ta juya ta fuskanci mai i'ina a matsayin mai saye, domin na'urar tana ɗaukar shiru a matsayin ƙarshen magana, sai ta katse shi ko ta ce ya maimaita. Tsawon jiran da take yi kafin ta yanke cewa mutum ya gama lamba ce da injiniya ya rubuta. A 2022 kamfanin Apple ya sa wa Siri wurin da mai waya zai ƙara wannan lamba da kansa, ya zaɓi ta jira shi fiye da yadda aka saba.